Tagar Auta mai madanni biyu

Autanmu ba a barinsa da abu mai noti. Yana yaro ya kwance rediyon babanmu, ya mayar, noti ya yi saura a hannunsa, kuma rediyon ta ci gaba da magana. Yanzu ya haura talatin, yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago bayan kasuwa, matarsa na ƙorafin ko shimfiɗa ta kaɗe sai guntun waya ya faɗo.

Ni kuwa a shagon hoto nake aiki. Rage girman hotunan fasfo ɗaya bayan ɗaya ya ishe ni, layi na taruwa, har mai shagon ta fara cewa ko za ta nemo mai saurin hannu. Da shekaruna, ina zan je? Sai Auta ya rubuta mini 'yar manhajar da ke rage su gaba ɗaya. Amma baƙin allo ya ba ni, wai in riƙa rubuta mata umarni.

Na ce, "Kai, ni sakatariyarka ce? Yi mini abin dannawa kamar na mutane."

Ashe abin dannawar ma sayo kayan gininsa ake yi, ko a ɗauko kyauta, kamar mai zaɓen tagar ɗaki. Auta ya zauna zaɓe. Ya ɗauko wata tagar allo mai sheƙi, madannanta har inuwa gare su. A kwamfutarsa, kafin ka ƙifta ido ta buɗe. Ya kawo ta shagonmu yana taƙama.

Kwamfutarmu tsohuwa ce, ta girmi 'yarsa ta fari. Na danna. Fankar cikinta ta kama kuka kamar injin markaɗe, linzamin kwamfutar ya ƙame, wani direba da ke jiran hotonsa ya ce ko ya je ya dawo gobe ne. Mai shago ta dube ni.

"A tawa ta yi aiki fa, Yaya."

"A taka nake aiki? Ka auna wa wani riga a jikinka!"

Duk da haushin, sai da na tambaye shi abin da ya danne ta haka. Ya ce waccan tagar ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta jawo tarkacen da ya isa gina babbar manhaja, alhali aikina bai fi na madanni biyu ba. Akwai wata tsohuwar yayi, in ji shi, wadda ke zuwa tare da yaren kwamfutar da yake rubutu da shi, ba ta jawo komai.

"To me ya hana ka ɗauko ta tun farko?"

Ya sosa ƙeya. "Muni gare ta, Yaya. Abokaina za su yi mini dariya."

"Abokan naka ne za su tsaya gaban mai shago?"

Nan ya ja kujerata, a kan tsohuwar kwamfutar tamu ya yi aikin. Taga ta fito ruwan toka, ba ado, madanni biyu manya yadda ko ba tabarau zan gani: Zaɓo, Rage. Na danna, fanka ko tari ba ta yi ba. Direba ya karɓi hotonsa, mai shago ta koma ciki, ba ta sake zancen mai saurin hannu ba.

Auta ya roƙe ni kada in ce shi ya yi. Duk wanda ya leƙo allon sai na gaya masa.