Baƙon da Kaka Ta Aika wa Goro

Da ƙaurin banda littafin ya zo hannuna. 'Yata ce ta taho da shi daga jami'a, ta tsaya a Tiga ta saya mini kifi, ta cusa su cikin jaka ɗaya, don haka duk shafin da na buɗe sai hayaƙin bakin ruwa ya bugi hancina. Labari ne a kan yaƙin basasa, kuma tun kafin in taɓa shi na riga na ƙoshi da jin yabonsa. A ofishin malamai na makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada, malamin tarihi ya ce duk da furfurarsa sai da ya share ƙwalla. 'Yata kuwa cewa ta yi, "Umma, ki tanadi hankici kafin ki kai babin ƙarshe."

Na karanta shi tas cikin kwana tara. Rubutun ba shi da makusa. Na ga wuraren da aka so mai karatu ya yi kuka, na gane su sarai kamar yadda mutum yake gane ramin da ke kan hanyar gidansu, na kewaye su na wuce. Ban ji haushi ba, ban ji tausayi ba. Da na rufe shi sai na tashi na ɗora tukunyar miya. Bari in gaya maka abin da nake zaton ya jawo haka, mai karatu, ko da yake ni ma ban tabbata ba.

Garin da aka haife ni yanzu yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga. A can Baffa, wan mahaifina, ya tone gyaɗarsa shekarar da yaƙi ya ɓarke, ya sayar, ya ce zai tafi Kano ya shiga soja. Kaka ta hana shi. Mahaifiyata, wadda take amarya a gidan lokacin, ta ce ranar Kaka ta tsaya a bakin zaure da muciya a hannu, ta ce masa in ya ƙetare ƙofar nan kada ya sake kiranta uwa. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki ƙullin kayansa ya fita. Yaƙi ya ƙare, samarin garuruwan kusa suka riƙa dawowa ɗaiɗai, wani da takalman soja, wani da hannu ɗaya. Shi bai dawo ba, takarda ma ba ta zo ba.

Ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. "Mai tafiyar nan" take ce masa. Ni kuwa sunanta aka sa mini, takwara take kirana, kuma a ɗakinta na tashi, cikin warin daddawa da man shanu da hayaƙin da ya baƙanta azara.

Abin da na fara tunawa a rayuwata shi ne ranar tashi. Ina da kamar shekara biyar. An ce ruwan dam zai cinye garin, kowa ya koma sabon matsuguni a kan tudu. Na tuna maza suna zare azarar ɗakuna, kaji a ɗaure ƙafa da ƙafa, jakuna sun yi layi ɗauke da tukwane. Kaka ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida ta zauna, ta ce ba inda za ta. Mai gari ya zo, liman ya zo. Amsarta guda ce: "In ya dawo ya tarar da ruwa, wa zai tambaya?" Sai da rana ta yi sanyi mahaifina ya durƙusa a gabanta yana roƙo, sannan ta yarda aka ɗora ta a kan jaki. Har muka hau tudu fuskarta a baya take.

A sabon gari ta samo wa kanta aiki. Duk bazara, idan zafi ya tsananta ruwa ya ja baya, busassun rassan tsamiyarmu sukan leƙo can a tsakiyar ruwa, tsuntsaye farare jere a kansu. Kowace Juma'a da hantsi sai ta ɗauki sandarta, ni in ɗauki buta, mu gangara bakin ruwa. Ina iya jin taɓon nan har yanzu, ya bushe a sama ya tsattsage, amma in ka taka sai ƙafa ta nutse cikin sanyi. Ta kan bi masunta ɗaya bayan ɗaya suna gyaran koma, ta gaishe su, ta ba su sallahu: in wani dogo mai wushirya ya zo yana cigiyar garin kaza, a nuna masa gidan da ke bayan masallaci a kan tudu. Har direbobin da suke zuwa lodin kifi ba ta bari. Sun haddace maganar, wasu sukan riga ta faɗa, ta yi dariya ta sa musu albarka. A hanyar komawa ta kan ce, "Allah ya dawo mana da shi," in ce amin da ƙarfi, don a lokacin na yi imani wata rana zan ga dogon nan ya fito daga kwalekwale.

Lokacin girbi, idan an kawo dawa gida, ta kan sa a ware dami ɗaya a gefen rumbu, rabon mai tafiya. Ba a taɓa shi sai sabuwa ta shigo.

Ina aji biyar na firamare baƙon ya zo. Bayan la'asar ne, ƙarshen rani. Mutum ne mai ɗingishi, da hula wadda ta koɗe, Hausarsa ta mutanen gabas. Mahaifina ya shigar da shi zaure, aka ce in kai musu fura. Na iso da ƙwarya a hannu suna tsakiyar magana, na tsaya a bayan asabari ina jiran su numfasa. Baƙon yana cewa tare suka yi soja da Baffa, kuma ya taɓa zuwa shekarun baya, ya bi kwatancen da Baffa ya yi masa, ya iske ruwa ya shafe wurin, ya koma. Wannan karon fatauci ne ya kawo shi Tiga, ya ambaci sunan garin a gaban wani mai kwalekwale, shi kuwa ya ce ai akwai tsohuwar da kullum take ba su sallahu, ya nuna masa tudu.

Sai muryarsa ta yi ƙasa. "Ba harsashi ba ne," ya ce. "Ciki ne ya ɓaci masa, kwana huɗu, ana ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Mu uku muka yi masa salla, muka rufe shi a gindin wata bishiya da ban san sunanta ba."

Mahaifina ya yi salati a hankali, sannan ya tambaya ko Baffa ya bar wata magana.

"Bai bari ba, Malam. Ba ya cikin hayyacinsa."

Ludayi ne ya tona ni, ya zame ya bugi bakin ƙwarya. Mahaifina ya ɗaga asabari ya gan ni. Ya karɓi furar ya ajiye, ya ja ni gefe ya riƙe kafaɗata. "Abin da kika ji ya tsaya a kunnenki," ya ce. "Jiran nan shi ne yake riƙe da tsohuwar nan. In kika faɗa, ke kika kashe ta."

Na shiga gida na tarar da Kaka tana kaɗi a inuwar rumbu. Ta tambayi mahaifina ta kan danga ko wane ne baƙon, ya ce mai sayen albasa ne, Inna. Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro biyu farare ta miƙo mini. "Ungo, takwara, kai masa, ki ce ina gaishe shi. Mutum ne mai yawo, ki tambaye shi ko ya taɓa gamuwa da mai wushiryar nan."

Na kai. Baƙon ya karɓa da hannu biyu, ya ƙura wa goron ido, bai kai baki ba. Ban tambaye shi komai ba. Na koma na ce wa Kaka ya gode, ya ce bai gamu da shi ba. Ta ce, "To, duniya da faɗi," ta ci gaba da murza mazarinta.

Juma'ar da ta biyo na ce kaina yana ciwo. Ta jira ni har wata Juma'ar. Daga nan na gane ba mafita, na ɗauki buta. Shekara shida na yi ina bin ta bakin ruwa da abin nan a cikina. Ina tsaye tana ba masunta sallahu, har da mai kwalekwalen da ya nuna hanya, wanda yake kawar da kai duk lokacin da muka haɗa ido. Idan abin ya taso mini, sai in kafa ido a kan wani abu ƙarami, ɓawon kifi a ƙasa ko zaren da ya fita a gefen zanenta, in yi ta kallonsa har ya sauka. Da farko da wuya. Daga baya ya zama ba na ma buƙatar neman abin kallo, fuskata ta koyi tsayawa da kanta. Ta ce Allah ya dawo da shi, in ce amin, muryata ko rawa ba ta yi.

Mahaifina ya je garin Ƙofa, wurin wani malami abokinsa, ya yi wa ɗan'uwansa sadaka a ɓoye. A gida kuwa bai fasa ware damin nan ba. Da hannunsa yake ɗaure shi.

Da damina ta kwanta ciwon ajali, ina ɗalibar kwalejin horon malamai, aka aiko na zo. Ɗakin yana yoyo a kusurwa ɗaya, an tara kwano. Wata rana da hantsi, mu biyu kaɗai, ta kamo yatsuna ta ce, "Takwara, ke da kika yi karatu, a takardunku an ce duk waɗanda ba su dawo ba sun mutu?"

Ba kowa a ƙofa. Mahaifina yana gona. Na san ba za ta kai wata bazarar ba, faɗa mata gaskiya ba abin da zai rage mata. Amma bakina ya riga ya saba da hanyarsa. Na ce, "A'a, Kaka, ba a ce haka ba."

Ta daɗe tana kallona, kallon da har yau ban san ma'anarsa ba. Sannan ta ce, "To. In ya zo ba na nan, ki ce masa maganar bakin zaure ɓacin rai ne. Na yafe masa tun kafin ya kai bakin hanya."

Bayan kwana uku ta cika. Mata suka cika gida da kuka, ni ina raba musu ruwa ina karɓar gaisuwa. Har yabona aka yi, wai yarinyar nan akwai dauriya.

Na yi aure, na haihu, na soma furfura kafin in iya tayar da zancen da mahaifina. Lokacin idonsa ya mutu, yana yini a zaure a kan buzu. Na ce, "Baba, mun yi daidai kuwa?" Bai tambaye ni zancen me nake yi ba. Ya shafa gemunsa ya ce, "Ban sani ba, 'yata. Na dai san ta koma ga Allah ba ta taɓa ce masa Allah ya jiƙansa ba, ko sau ɗaya. Addu'ar uwa ce na tare masa." Ya yi kuka ranar, kukan tsoho marar sauti. Na zauna kusa da shi ina jira nawa ya zo, bai zo ba. Bai zo ba ranar da aka fita da gawarsa ma, haka kuma ranar da na rasa mijina.

A littafin 'yata, sojan da zai mutu yana samun sararin yin magana mai daɗi, abokinsa ya riƙe ta ya kai gida, uwa ta ji, ta faɗi ta yi kuka, a ɗaga ta. Ba na ganin laifin wanda ya rubuta. Wataƙila haka ya faru a wasu gidajen. Kuma ba zan ce ban so ya taɓa ni ba. Na buɗe shi da fatan ko zai samo wani wuri a cikina da bai ƙeƙashe ba, shi ya sa na kai har ƙarshe. Da 'yata ta tambaye ni yadda na gan shi, na ce an yi ƙoƙari. Ta dube ni kamar na ci mutuncin wani nata, ta ɗauke shi ta kai wa ƙawarta.

Yaran yanzu a takarda suke gamuwa da yaƙin, su yi kukansu su share ido su ci abinci, kuma ina taya su murna da hakan. Waɗanda abin ya shiga gidajensu sun tafi ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba su ce komai ba. Mahaifiyata ta bi mahaifina bara waccan. Ƙannena sun taso suna jin cewa akwai wani baffa da ya ɓata, shi ke nan abin da suka sani, 'ya'yansu ko wannan ba su sani ba. Ba hotonsa, ba kabarin da za a nuna, ba ɗan da ya bari. Ranar da na bi su, zai zama kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, amma ni ba uwarsa ba ce. Saƙon da ta ba ni kuwa yana nan a bakina, shekara kusan arba'in ke nan, ban sami wanda zan ba ba.