Waƙar da Na Ƙi Ragewa

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, don wanda na cuta yana raye, kuma mutum ne da ba ya son a ɗaga maganarsa. Lokacin da abin ya faru ina ɗan shekara ashirin da uku, tela ne ni a bakin kasuwar Bodinga, ina da keke ɗaya da almakashi da bakin da ba ya gajiya. Allah Ya ba ni murya, Ya kuma ba ni saurin haɗa baiti, ni kuwa na ɗauki baiwar nan na naɗa ta a kai. In na fara waƙa a shago, sai wanda ya zo faɗa a kan ɗinkinsa ya manta abin da ya kawo shi. Tun daga nan na sa wa raina cewa duk abin da ya fito daga bakina mai tsada ne, ba a zubar da ko kalma ɗaya.

Mu huɗu ne muka haɗa ƙungiyar kiɗa: ni mai waƙa, da mai ganga, da mai kalangu, sai abokina mai jita, wanda wannan wasiƙa a kansa take. Ɗan Mandera ne, can ƙasar Shagari. Mun haɗu ne a kasuwar Shagari, na je sayen zare na tarar da shi a bayan rumfar wani mai gyaran rediyo yana kaɗa wata tsohuwar jita mai aiki da lantarki. Irin kiɗan nan ne mai ƙara da ƙarfi da samari ke ce wa rok, amma shi ya san yadda zai lanƙwasa shi har ya yi kama da namu na gida. Ba shi da yawan magana. In ka tambaye shi abu sai ya yi murmushi ya dubi ƙasa, amma da ya ɗora yatsu a kan tsirkiya sai ka ji duk abin da ya ƙi faɗa. Na so shi kamar ɗan'uwan da muka fito ciki ɗaya, shi kuma ya yarda da ni fiye da yadda na cancanta.

Mahaifinsa manomi ne, dattijo mai mutunci, kuma ba ya jin daɗin yadda ake tsegumi a gari cewa ɗansa ya zama maroƙi. Bai zage shi ba, bai fasa masa jita ba. Bayan an gama girbi ya kira shi ya ce ya ba shi rani ɗaya. In kafin ruwan farko ya faɗi ya ji kiɗansa da kunnensa a rediyo, to zai yarda sana'a ce, zai sa masa albarka ya ci gaba. In kuwa damina ta sauka bai ji ba, sai ya ajiye jita ya ɗauki fartanya, kuma kada a sake tayar da zancen. Tsohon nan rediyonsa ba ta rabuwa da shi ko a gona, abin da ta faɗa shi ne gaskiya a wurinsa. Abokina ya amsa, mu ma muka amsa, muna ganin ai rani doguwar tafiya ce.

Muna da waƙa guda da muka fi ji da ita, a kan masu noman fadama da ke tashi ban ruwa tun kafin rana ta fito. Asalinta gajera ce, baiti uku da amshi, kuma kiɗan jitar da ke ɗauke da ita abokina ya tsara shi ne da mahaifinsa a zuciya. Ni na lalata ta. Kun san al'adarmu, mawaƙi ba ya shiga waƙa kai tsaye, sai ya yi godiya ga Allah, ya gaida iyayen gida, ya ambaci masu alheri. To, ni sai na mai da wannan gaisuwa wurin raba suna. Duk wanda ya shigo shagona ya ce in sa shi a waƙa sai in ce ya sha kuruminsa. Na sa mai shayin da ke kusa da ni, na sa direban da ke kai mu Sakkwato, na sa wanda ya koya mini ɗinki, na sa wani ɗan kasuwar albasa daga Danchadi don kawai ya taɓa cewa muryata ta fi ta kowa. Ina jin daɗin yadda suke tashi su tarbe ni in na shigo taro. Kuma na kafe cewa duk wannan buɗewa murya ce da kalangu kaɗai, irin na mutanen da, jita ba za ta shigo ba sai an gama gaisuwa. Kafin mu farga waƙa ta kai minti goma sha uku, jitar abokina kuwa sai a minti na biyar take fara magana.

Da ƙyar muka samu ganin wata mata mai gabatar da shirin matasan mawaƙa a wani gidan rediyo a Sakkwato, shirin da ake yi ranar Asabar bayan la'asar. Ta saurari waƙar har ƙarshe, ta ce akwai abin kirki a ciki, musamman mai jitar nan. Amma ta ce kowace waƙa minti huɗu take samu a shirinta, masu jiran layi suna da yawa, kuma ko masu talla da masu gayyatar makaɗa wurin biki, abin da ya kama kunnensu a farko shi suke bi. Na fara yi mata bayanin yadda manyan mawaƙanmu ke kai rabin sa'a suna waƙa ɗaya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam tela, su sai da aka san su aka ba su rabin sa'a. Kai ba a san ka ba tukuna, kuma agogon ba nawa ba ne." Ta ƙara da zolayata cewa ni da nake yanka yadi kullum ya kamata in fi kowa sanin ba duka ake ɗinkewa ba. Na yi dariyar yaƙe, amma a raina na ce matar nan ba ta san waƙa ba.

A mota muna dawowa abokina ya yi mini maganar da ta fi kowace tsawo tun da na san shi. Ya ce, "Don Allah ka rage ta. Kai kana da keke, ni ba ni da komi sai wagga jita, kuma rani guda anka ba ni." Na ji nauyinsa na amince. Muka koma situdiyon da aka ɗaukar mana ita aka datse waƙar ta dawo minti huɗu ba kaɗan, tana farawa da jita, baiti uku da amshi, babu sunan kowa. Mai ganga da mai kalangu suka ce ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Ni kuwa na zauna kamar an yi mini rasuwa, ina tunanin da wane ido zan kalli mai shayi da sauran waɗanda na yi wa alkawari. Aka zuba mana duka biyun a memorin waya, doguwar da gajerar, aka ce ni zan kai tunda na fi kusa da birni.

A nan na yi abin da har yau nake kuka a kansa. Ranar da na je gidan rediyon ban sami matar ba, sai wani ma'aikaci ya ce in bar waƙar zai ba ta. Na tsaya da waya a hannu, na dubi gajerar, na dubi doguwar, sai na tura doguwar. Na gaya wa kaina cewa in ta fara jin ta a iska ba za ta iya katse ta ba, masu saurare za su yi ta bugo waya, a ƙarshe kowa ya gode mini. Da abokina ya tambaye ni na ce masa na kai gajerar. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, ni kuwa nawa har da ƙarya na haɗa.

Ranar Asabar ɗin da aka sa mana, hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Muka tafi Mandera mu uku. An shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro a ƙofar gidansu, maƙwabta sun taru, mata suna leƙe daga zaure. Dattijon ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ajiye rediyo a kan cinya, ya sa mata sabon batir. Abokina ya zauna a gefensa yana murza yatsu. Da matar ta ambaci ƙungiyarmu aka yi tsit. Sai ga kalangu, sai ga muryata ina godiya ga Allah. Abokina ya ɗago kai ya dube ni. Ni kuwa na kasa riƙe idonsa. Na ji kaina ina gaida mai shayi, ina gaida direba, ina kirari ga ɗan kasuwar albasa, a zuci kuwa ina addu'a Allah Ya sa matar ta bar waƙar ta ci gaba. Na san daidai inda jitar ke shigowa, saura baiti ɗaya da rabi. A nan sautin ya fara yin ƙasa, matar ta ce mun gode wa matasan Bodinga, ta sa waƙar wasu.

Dattijon ya jira kaɗan, ko za a dawo da ita. Sannan ya rage muryar rediyo ya juya wurin ɗansa ya ce, "To, ina naka kiɗin? Ni dai ban jiya ba." Abokina ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki ya ce ni na yi, da na samu sauƙi, amma bai tona ni ba. Tsohon ya dube ni ya ce muryata na da daɗi, Allah Ya yi mini albarka. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini. Ya tashi ya naɗe tabarmarsa ya shiga gida, mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na koma da gajerar a waya, na durƙusa na faɗa wa dattijon gaskiya, na roƙe shi ya saurara. Ya sa aka kawo mini fura, ya ji ni har na gama, ya ce ya yafe mini, amma shi da ɗansa rediyo suka ce, kuma dattijo magana ɗaya yake yi. Abokina ma ya ce in bar shi haka nan. Na ruga Sakkwato, matar ta ce ta gaya mini tun farko, layi kuma ya yi nisa, sai bayan wata biyu. A cikin makon nan ruwa ya sauka. Abokina ya ba mai gyaran rediyon nan jitarsa, ƙungiya ta watse, ni na koma kan keke. Bayan shekara biyu dattijon ya rasu bai taɓa jin ɗansa yana kiɗa ba.

Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne, daga baya mai kalangu ya tura wa wasu gajerar, ta yi ta yawo a wayoyi. Har shago aka riƙa zuwa ana tambayata ko ƙungiyar nan tana zuwa biki, ana tambayar wane ne mai jitar. Ba wanda ya taɓa tambayata ina sauran baitocin. Bara na daure na je na same shi a fadama yana ba albasa ruwa, ya yi aure har da 'ya'ya biyu. Ya tarbe ni da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Na gaya masa mutane na nemansa, na kunna masa waƙar. Ya jingina da fartanya ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, "Wanga yaro ya iya kiɗi." Sai ya ce in yi haƙuri, ruwa zai wuce masa kwamin albasa, ya koma bakin aikinsa.

Shi ya sa na rubuto, don samarin da ke haɗa ƙungiyar kiɗa yanzu, a garinmu da ko'ina. Iya haɗa baiti rabin aiki ne, sauran rabin shi ne iya jefar da wanda kake so. In wanda ya san kasuwar ya ce ku rage, ku rage, doguwar ba za ta gudu ba, ranarta na zuwa in an san ku. Kada ku yi wa kowa alkawarin suna a waƙa don ya tashi ya tarbe ku. Kuma kafin ka kafe a kan ra'ayinka, ka duba wanda ke tsaye kusa da kai ka tambayi kanka me shi zai rasa, don ba kowa ne ke da keken da zai koma kai ba. Ni dai burina ya cika, an ji muryata a rediyo minti huɗu cif, kuma ban taɓa yin nadamar wani abu a duniya kamar su ba.