Na Saki Birki Don Gaida Surukina

"Oga, danne birkin, kar ka ɗaga ƙafa sai na ce," in ji Audu bakanike daga ƙarƙashin motata. Ya canza fayif ɗin da ke yoyon mai, saura cire iska. Gobe zan kai yara Assakio.

Ina danne sai ga surukina a bakin taga. Na fito da sauri na durƙusa.

Audu ya leƙo. "Wa ya saki? Iska ta koma, sai mun sake."

Baba ya dube ni. "Motar da za ta ɗauki jikokina, ka saki birki don gaisuwa?"

Har yanzu ina juya abin. Da na gaishe shi a zaune, me zai ce? Ku fa, wanne za ku yi?