Jarumi Vratko da Mai Kwando

Matso kusa, gyara zama, ka ji labarin Ctibor abokinmu.

Ctibor direban bas ne a garinmu Jihlava, mutum mai sanyin hali da ɗan tumbi. Amma da zarar zafi ya shigo muka fita daji wasanmu na yaƙi, sai ya zama Vratko: sulken da ya saƙa da hannunsa, kwalkwali, da takobin soso. Dokarmu kuwa ba ta da sassauci. Wanda aka kashe a wasa ya mutu ke nan har abada, baɗi sai ka zo da sabon suna da sabon tarihi.

Shekara goma da 'yan kai Vratko yana raye. Yana da gona, yana da maƙiya, har da tabo a kumatu da Ctibor ke zanawa da gazal ɗin matarsa Jarmila. Nan wahalar take. Tsawon ran Vratko ya zame wa Ctibor fargaba. Wasa na gabatowa abinci ba ya shiga, ko miyar gulash aka ajiye masa sai ya yi ta juya cokali. Jarmila ta ce mutane na zuwa daji su huta da aiki, nata mijin sai ya koma tuƙi yake hutawa da daji.

A filin daga kuma jaruminmu ya ƙware a tsaron baya. Ƙanin Jarmila, Otakar, wanda ke cikin rundunar maƙiya, ya yi rantsuwa da kofin giyarsa cewa bana sai ya ga bayansa.

Ranar babban yaƙi aka tarwatsa mu. Ctibor ya ga su Otakar sun taso, sai ya zube cikin ganye ya yi mutuwar ƙarya. Dabara ce halas, ba mai ɓata lokaci a kan gawa. Suka wuce shi suka tsaya can gaba suna shawara.

Ashe jiya an yi ruwa, naman kaza, irin lemar kwaɗin nan da ake ci, ya tsiro a gindin itatuwa, kuma ka san mutanenmu da tsintarsa. Sai ga wata tsohuwa da kwando, wadda ba ta san ana wasa ba, ta yi tuntuɓe da jarumi.

"Ɗan nan, lafiya? Zuciya ce?"

Da ya ɗora dunƙulallen hannu a kansa, alamar ya fita wasa, da ya yi mata bayani a tsanake. Amma yin haka don gudun mutuwa abin kunya ne da za a yi ta yi masa gori har tsufa. Sai ya motsa leɓe kaɗan.

"Iya, don Allah wuce. Na mutu."

"Ka mutu kana gumi haka?"

Ta ajiye kwando, ta cire masa kwalkwali, ta shiga yi masa fifita da ɗankwalinta. Can ta hango mutane tsaye da takubba, ta ɗaga murya ta ce su zo su taimaka, wannan da sauran numfashinsa.

Otakar ne ya fara isowa. Ya yi wa tsohuwa godiya cikin ladabi, ya tabbatar mata yanzu zai yi masa magani. Ya durƙusa.

"Yaya, ka yi kyau a kwance. Me zan gaya wa Jarmila?"

"Ka ce na faɗi ina yaƙi."

"Zan ce ka faɗi."

Ya ɗora masa takobin soso a ƙirji a hankali. Vratko ya tafi.

Tsohuwa ta ga marar lafiya ya miƙe garau yana kakkaɓe ganye, ta yaba wa Otakar, ta ba shi naman kaza mafi girma a kwandonta.

Mun yi wa Vratko jana'iza da waƙa, Ctibor ya yi hawaye na gaske. Bayan nan ya cinye gulash kwano biyu, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Da shekara ta zagayo, da sunan wani ɗan tauri ya zo, shi ne a gaban kowa, aka kashe shi tun kafin a yi kalaci yana ƙyalƙyala dariya. Sai dai har yau ba ya gaisa da masu kwando.

To kai fa, a ganinka tsohuwar nan kashe shi ta yi ko ceto?