Kofur Othniel Ya Sara da Hagu

Duk wanda ya zauna a Basawa, unguwar barikin soja, a shekarun nan ya san Keziya 'yar Kofur Othniel, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar yarinyar nan mai fensir soke a kitso, wadda in ka tsaya ciniki a kasuwar mami ta bakin bariki ka daɗe kana musu, kafin ka juyo ta zana ka a bayan kwalin sabulu, da leɓenka da tumbinka, ba ta rage maka komai ba. Mata sun sha kai ƙararta wurin uwarta, Mama Josephine mai waina. Uwar ta yi faɗa, ta yi duka, ta gaji ta zuba ido. Taurin kai kam gado ta yi, kuma ta wajen uwa da uba duka.

Tana firamare aka tura ubanta aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa. Da ya dawo, hannunsa na dama ya mutu tun daga kafaɗa, ba ya ɗaguwa, ko cokali ba ya riƙewa. Aka sallame shi daga aiki, suka bar bariki suka kama ɗaki a bayan kasuwa, inda ake jin begilar bariki kowace safiya. Da ta busa, Kofur zai fito ƙofar gida da singileti, ya ƙame, ya sara da hannun hagu. Yara su yi ta dariya, manya su kau da kai, don a wurinmu ko ruwa ba a miƙa wa mutum da hagu, balle gaisuwar soja. Shi ko a jikinsa. Da hagun ya sake koyon rubutu, da shi ya riƙa gyara rediyon mutane, da shi yake fiƙe wa Keziya fensir yana danne shi da gwiwa. Haka ya yi har Allah ya karɓi ransa.

Keziya ba ta samu shiga jami'a ba, ko da yake Samaru, inda jami'ar take, ba nisa. Sai ta kama koyon aiki a shagon buga takardu na Oga Akinola a unguwar PZ, inda ake yin katin biki, kalandar coci da fastar sanarwar mutuwa. Ta zana tumaki da kurciyoyi har ta fara ganinsu a mafarki. A shekarar 2004 ta gaji da kurciya, ta fara wani ɗan littafin zane mai ba da labari, irin wanda ɗalibai ke kira komik, ta sa masa suna Kofur Hagu. Tsohon soja ne mai hannu ɗaya da ke kama ɓarayin akuya, yana raba faɗan maƙwabta, yana tsare mai gidan haya da ido har ya manta abin da ya kawo shi. Kowa a Basawa ya san wa take nufi, ita ma ba ta ɓoye ba.

Abin da ya fi fita kuwa shi ne babban hoton da take bugawa daban, na Kofur a ƙame yana sarawa da hagu. Tun ranar farko Oga Akinola ya ɗaga fim ɗin hoton a hasken taga ya yi tsaki.

“Keziya, wannan zai jawo miki magana. Bari in juya fim ɗin kawai, hagu ya koma dama. Ba wanda zai sani.”

“Ni zan sani, Oga,” ta ce, ta karɓe abinta.

Uwarta kuwa ko kallon hoton ta ƙi yi. In Keziya ta shigo da ɗaurin hotunan, sai ta juya wa tandar waina fuska. Sau ɗaya ta yi magana a kai, tana juya waina ba ta ɗago ba: “Tun da fensir na hannunki, ki mayar mishi da hannunsa mana. Abin da bai samu a duniya ba ya samu a takarda.” Wannan magana ta yi wa Keziya ciwo fiye da duk dukan da ta sha tana ƙarama, amma ba ta canza layi ko ɗaya ba.

Ɗaliban Samaru masu son zane suna da wani taro da suke yi shekara-shekara a zauren haya, inda kowa ke kafa tebur ya baje aikinsa. A 2006 shugabansu, wani siririn saurayi mai suna Femi, ya zo har PZ ya gayyace ta. Ta yi kamar abin bai dame ta ba, ta ce za ta duba, alhali tun shekarar da ta wuce take mafarkin teburin nan. Ranar taron ta ɗauko kwali a bayan acaɓa, ta ɗaura igiya a bango, ta jera hotunan Kofur da abin shanya.

Ba ta taɓa ganin masu karanta littafinta ido da ido ba sai ranar. Ashe suna da yawa haka! Wata budurwa ta riƙe mata hannu tana tsalle, tana cewa, “Anti, ke ce? Wallahi mun ɗauka wani tsoho ne ke zanawa!” Wani ya zo da kwafinsa da ya yi laushi don karatu, ya ce a ɗakinsu layi ake bi. Wani kuma ya naɗe hannun rigarsa na dama ya zo a matsayin Kofur Hagu, ya sara mata har ya kusa tsone idonsa. Ta yi dariya har da hawaye, tana sa hannu a hotuna, tana tambayar kowa sunansa don ta rubuta daidai. Daɗin da ta ji ranar bai misaltuwa, kuma ta cancanta.

Sai dai Femi, garin neman manyan baƙi, ya gayyato shugaban wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Basawa, Sajan Martin. Dattijo ne mai kwarjini, abokin marigayi, shi ya tsaya a kan jana'izarsa, kuma har gobe shi ke leƙa matan da mazansu suka rasu. Ya shigo da mutanensa, ana zagayawa da shi tebur-tebur, har ya iso gaban igiyar Keziya. Daidai lokacin saurayin nan mai naɗaɗɗen hannu ya sake ƙamewa ya sara da hagu, abokansa suna shewa. Fuskar Sajan ta canza.

“Keziya, sauke wannan.”

“Sannu da zuwa, Baba. Me ya yi?”

“Kin san abin da ya yi. Othniel cikakken soja ne. Na ga saluti ɗinsa kafin a haife ki, kaman an auna da ma'auni. Yanzu kin mai da shi abin wasan yara, suna kwaikwayonsa da hagu. Ko ki juya hoton nan ya sara yadda soja ke sarawa, ko ki sauke.”

Keziya ta san mutumin nan ba maƙiyi ba ne, ya sha ɗaukarta a kafaɗa. Amma ta tuna safiyoyin da ubanta ke tsaye a ƙofar gida, abokansa na wucewa suna kallon ƙasa, sai zuciya ta ɗebe ta.

“Baba, ku kun san shi da hannu biyu. Ni da ɗaya na san shi, kuma mai ɗayan ne ya raine ni. Lokacin da yake sarawa da hagu yana da rai, ba wanda ya zo ya ce mishi ya bari. Yau ma ba zan ce mishi ba.”

Sajan ya juya wurin Femi ya ce ko hoton ya sauka, ko shi da mutanensa su fita, kuma kowa ya ji dalilin fitarsu. Femi, wanda ko gardamar kwandasta ba ya iyawa, ya dawo yana murza hannu.

“Anti, don Allah, na yau kawai. Ki bar littattafan, ki naɗe manyan. Gobe ma rana ce.”

“In hoton ba shi da wuri a nan, ni ma ba ni da shi.”

Ta kwance igiyarta da kanta, ba ta bar kowa ya taya ta ba. Ta fita da kwalin a ka, ta tsallaka titi, ta ɗaura igiyar tsakanin dalbejiya da rumfar mai faci, ta sake jera hotunan suna fuskantar ƙofar zauren. Kada a yi ƙarya a ce duk jama'a sun biyo ta. Wasu sun biyo, da yawa sun zauna ciki inda akwai fanka da kiɗa, har da saurayin nan, wanda ya warware hannun rigarsa ya ɓace. Teburin da ta yi shekara tana buri ya tafi, ta kuma san ba za a sake gayyatarta ba. Ta tsaya a rana tana sayar wa wanda ya zo, idonta jawur, ba ta yarda hawaye ya sauko ba.

Labari ya riga ta isa Basawa. Da yamma ta hango acaɓa ya tsaya, uwarta ta sauko da zanen aikinta mai ƙanshin mai. Keziya ta iya da Sajan, wannan kuwa ba ta sani ba.

“Mama, in kin zo ki ce in sauke ne—”

“Matsa mini.”

Mama Josephine ta tsaya gaban hoton, karo na farko, ta daɗe tana kallo. Ta kalli hular, ta kalli haɓar, ta kalli hannun hagun da ke goshi. Sannan ta sa yatsa a ƙasa, inda Keziya ta zana hannun daman cuse cikin aljihun wando.

“Wannan fa? Wa ya ce miki yana sa shi a aljihu?”

Uwar ta juyo ta dube ta.

“Sau nawa na roƙe shi ya sa a aljihu in za mu coci, ya ƙi? A waje yake barinsa, yana lilo, siriri kaman na yaro, kowa ya kalla ya ƙoshi. Na ce ki mayar mishi da hannunsa, kin ƙi, na ji. To in za ki nuna shi, ki nuna shi duka. Kin tara mana jama'a kina faɗa da manya a kan ba kya jin kunyarsa, ga shi ke ma kin ɓoye.”

Ba da ihu ta faɗa ba, amma ɗaliban da ke wurin duk suka sunkuyar da kai. Keziya ta kalli hoton da ta buga ɗaruruwa, ta ga aljihun kamar yau ta fara ganinsa. Ba wanda ya sa ta, ba Oga Akinola ba, ba Sajan ba. Ita ce da fensirinta ba ta taɓa iya zana wannan hannun ba.

Ta sauke hoto ɗaya, ta juya bayansa fari, ta ɗora a kan kwali. Uwar ta jawo bencin mai faci ta zauna kusa da ita, tana fuskantar ƙofar da Sajan zai fito.

“Yatsun a lanƙwashe suke,” ta ce. “Fara daga kafaɗa, zan gaya miki in kin yi kuskure.”