Auta da Kwarin Namun Daji

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuli, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autan mahaifiyarmu, wanda unguwa ta fi sani da Mai Hoto, a asibitin da ya daɗe yana zuwa wankin ƙoda. Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma.

Auta, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Mata sun cika tsakar gidanka, an shimfiɗa mini darduma kusa da matarka, amma kafin in amsa gaisuwar mutum biyu sai in ji ƙafafuna sun ɗauke ni. In leƙa kicin, in leƙa falo, in tsaya bakin ƙofa ina kallon motarka da aka lulluɓe da tamfol. Kowa cewa yake, "Yaya, ki zauna ki huta." Na gwada, abin ya ƙi. Shi ya sa na ɗauki biro, ko hannu ya yi tafiyar da ƙafa take nema.

Kai ma ai ba ka san zama ba. Ni na goye ka, na san irin wutsil-wutsil ɗinka tun kana baya. Inna kan ce kamar an zuba maka ƙaiƙayi a riga. Ko da ka girma ka buɗe ɗan shagonka na hoto, mai labulen furanni da kujera guda mai gurguwar ƙafa, ban taɓa zuwa na same ka a zaune ba. Kana gyara wa wannan hula, kana ce wa wancan ya ɗaga haɓa, kana zolayar tsohuwa har ta manta ba ta da haƙori ta yi murmushi. Marayun unguwa da za su zana jarrabawa sun san inda za su je hoton fasfo. Ka ɗauka, ka wanke, ka miƙa, ka ce, "Je ka, ka biya ni da sakamako mai kyau." Saman bangon shagon kuwa babu hoton ango babu na amarya, sai na ɓauna da raƙumin dawa da gauraka. A lokacin ina ganin wannan duk ɓata man mota ne. Ina ce maka wanda ya ajiye iyali ba ya bin namun daji.

Sai maigidana ya rasu. Na gama takaba, amma na kasa fita. Ɗakin ya zame mini duniya: gado, labule a sake, rediyo a kashe. 'Ya'yana suka yi lallashi har suka gaji. Wata safiya a farkon damina ka shigo ba sallama mai tsawo, ka yaye labulen, ka ce in ɗauko mayafi za ka kai ni a auna mini hawan jini. Na shiga mota. Muka wuce asibiti, muka wuce tasha, gidaje suka ƙare.

Na ce, "Auta, ina za ka kai ni?"

Ka ce, "Yaya, likitan naki ne yake da ɗan nisa."

Na yi fushin da ban taɓa yi da kai ba. Na juya fuska wajen taga, na ƙi ruwan da ka miƙo mini. Kai kuwa ko a jikinka, kana ta ba ni labarin wani ango da ya yi atishawa a kowane hoto. Haka har ƙofar wani gandun daji, inda wani jami'i dogo mai bindiga a kafaɗa ya shigo motar don ya raka mu. Daga irin gaisuwar da kuka yi na gane ka zama ɗan gida.

Hanya ta yi ta hawa cikin bishiyoyi, sai ta buɗe a kan wani dutse mai faɗi. Ka kashe mota, ka zagayo ka buɗe mini ƙofa. Na fito ne don in miƙe ƙafa, ba don kai ba. Sai ga kwarin a ƙarƙashinmu. Kogi na lanƙwasa a tsakiyarsa, ciyawa kore shar har inda ido ya gaza, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina. Na ga wasu baƙaƙen abubuwa a warwatse bakin ruwa, na ɗauka duwatsu ne, sai ɗaya ya ɗaga kai. Garken ɓauna ne. Ka ɗora mini madubin hangen nesa a ido, na ga barewa na kaɗa wutsiya kamar in miƙa hannu in taɓa, na ga raƙumin dawa ya ware ƙafafu da ƙyar zai sha ruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kai. Ka zauna a kan dutsen, ka yi tsit. Ranar na fara ganin ka a zaune, ba don ciwo ba, ba don salla ba.

Muna cikin haka wani ƙaton biri ya faɗo daga reshe, ya fizge hularka, ya koma sama ya zauna yana jujjuya ta. Ka miƙe, sanƙonka na ƙyalli, ka ɗaga hannu kana roƙo: "Haba ɗan'uwa, ta aro ce!" Dariya ta ƙwace mini. Na yi har na durƙusa, har ta juye ta zama kuka, kukan da na riƙe tun ranar da aka fita da maigidana. Ba ka ce in yi haƙuri ba. Ka ja jami'in gefe, kuka bar ni da kwarin har na gama.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Maƙwabcinka tela da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, kai ka ɗauke shi cak ka sa a mota. Malamin makarantar da ɗansa ya rasu a hatsari, ka kai shi. Matarka, wadda ba ka daina kira Amarya ba har ta aurar da 'ya, takan ce da zarar ta ga kana wanke kular abinci kana duba taya, ta san wani a unguwa ya shiga damuwa. Abu ɗaya ne kwarin ya hana ka: giwa. Duk zuwan da ka yi, sai jami'in ya ce jiya suka wuce. Har ya zama abin wasa a gidanmu, in abu ba zai samu ba yara su ce sai ranar da Kawu ya ga giwa.

Ciwo ya kama ka, ya zaunar da kai zaman da ka tsana. Ƙafafu suka kumbura, kyamara ta yi wa hannunka nauyi. Watan jiya ka aika a kira ni, ka ce in roƙar maka Amarya da likita, kana son ka ga kwarin. Na ce ba da ni ba, hanyar nan ko mai lafiya tana jijjiga shi. Ka dube ni da idanun nan da suka faɗa, ka ce, "Yaya, ni na fito da ke daga ɗaki, ke ce za ki kulle ni a ciki?"

Na je wurin likita da kaina. Ya ce ya yarda, in dai washegarin wankin ƙoda ne, kuma a dawo a ranar. Babban ɗana ya ja motar, Amarya ta riƙe kanka a baya, ni ina gaba ina addu'a a kowane rami. Da muka isa kan dutsen ba ka iya fitowa ba, sai muka buɗe maka ƙofa. Ciyawa ta yi tsawo, ɓaunayen ma sai ƙahoninsu ake gani. Can jami'in ya ɗaga hannu mu yi shiru. Daga kurmin da ke ƙasanmu muka ji rassa na karyewa, ɗaya bayan ɗaya, sai wata ƙara mai ƙarfi da ta tashi tsuntsaye. Muka jira, muka jira. Giwayen ba su fito ba. Ɗana ya ce a ƙara gangarawa da mota. Ka girgiza kai, kana murmushi, ka ce, "Ku bar su su ci abincinsu. Na ji su. Suna nan."

Ba ka cika wata da dawowa ba ka tafi. Tambayar da ke hana ni zama ke nan, Auta: ko tafiyar ce ta ƙarasa ka? Na san ajali ba ya jiran hanya mai kyau ko mai rami, amma zuciya ba ta jin karatu. Jiya na kasa daurewa, na faɗa wa Amarya. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ni na yi jinyarsa. Kafin mu je, kullum bango yake kallo. Da muka dawo, ko nas ta shigo sai ya kwaikwaya mata kukan giwa. Kar ki ƙwace masa wannan." Ina ƙoƙarin in riƙe maganarta.

Allah Ya jiƙan ka, ƙanena. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka yaye wa bayinSa baƙin ciki, Ya yaye maka na ranar tsayuwa, Ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Amarya, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaure fuska ba, da 'ya'yanka da jikarka, da abokan sana'arka, da jami'in gandun daji da ya yi doguwar tafiya ya zo ya tsaya a sahun sallarka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.