Ƙurajen Damtsena

Ina budurwa a ƙauyenmu na gefen Tofa wasu ƙananan ƙuraje suka feso min a damtse, kamar fatar kazar da aka fige. Ba sa ciwo, ba sa ruwa, amma ko tsinkar tumatir muke ba na yarda in naɗe hannun riga.

Ranar lallen bikin yayata asirina ya tonu. Mai ƙunshi ta kama hannuna ta shafa, ta ce a gaban 'yan mata, "Ke, wannan ba ƙazwa ba ce?" Wadda ke kusa da ni ta ja jikinta. Na tashi da ƙunshi a hannu ɗaya na shige ɗakin Inna, ban fito ba har aka watse.

Washegari na dirje wurin da dutsen goge kaushi har ya yi jini. Gwaggona ta gani, ta tasa ni gaba sai asibiti.

Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Ba ƙazwa ba ce, ba a kuma ɗaukarsa. Bushewar fata ce ke toshe ƙofar gashi. Ki daina dirza, ki riƙa shafa man kaɗanya da kin fito wanka."

Na bi maganarta, fatar ta yi laushi, ƙurajen suka ragu. Amma a Islamiyya yara sun daɗe suna bar min fili a tabarma, ni kuwa kunya ta hana ni buɗe baki in gaya musu abin da aka ce a asibiti.